Gidan tarihi a cikin wayar jama'a: yadda za a sa mutane su sa baki, mataki-mataki

Akwai wani gidan tarihi da nake leƙa shafinsa na Facebook lokaci-lokaci, ba zan kama suna ba. Hoton farko, shugaban gidan yana miƙa wa wani baƙo kyauta. Na biyu, shugaban da baƙon sun jeru da ma'aikata a bakin ƙofa. Na uku, sanarwar taron bita, da Turanci. Mutum huɗu ne suka nuna abin ya burge su, kuma da ka duba sunayen ka san 'yan ofis ne. Gidan nan kuwa na shiga cikinsa da ƙafata. Akwai sulke, akwai lifidi, akwai tandu da akushi waɗanda ko a ɗakin kakata ban ga irinsu ba. Ko ɗaya bai taɓa hawa shafin ba.

A rana guda kuma wani saurayi da ba ya cin albashin kowa zai ɗora tsohon hoton dalar gyaɗa ko na tashar jirgin ƙasa ta Kano, kafin la'asar wurin ya cika da gardama. Wannan ya ce bayan samun 'yancin kai ne, wancan ya ce a dubi motar da ke gefe, ai ba ta kai nan ba, wata ta ce mahaifinta ya yi dako a wurin. Ashe ƙishirwar tarihi tana nan. Gidan tarihin ne ya mai da shafinsa allon sanarwa, alhali zaure ya kamata ya zama, inda mai gida ke shimfiɗa tabarma, ya jawo zance, ya kuma saurara.

Na rubuta wannan ne domin ma'aikacin da aka danƙa wa shafi aka ce ya ji da shi, babu horo, babu kyamara, sai wayarsa.

Mataki na farko: a gama da ofis kafin a taɓa waya

Yawancin gidajen tarihinmu na gwamnati ne. Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na Jos da na Kaduna duk suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Gidan Arewa na Kaduna yana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu kuma na jiha ne ko na masarauta. Ma'aikacin gwamnati ba ya magana da yawun ofis sai da izini, don haka ku nemi izinin a rubuce, kuma takardar ta fayyace abu uku: abin da za ku iya wallafawa ba tare da an sa hannu ba, abin da sai shugaba ya gani, da wanda zai amsa idan magana ta yi zafi. Idan kowane hoton ludayi sai ya kwana uku a kan teburin oga, shafin ya mutu tun bai tashi ba.

A buɗe shafin da imel da layin waya na ofis, ba na wani ma'aikaci ba. Mutum biyu su riƙe kalmar sirri, a kuma kunna tsarin nan na tura lambar tabbatarwa zuwa waya. Canjin wurin aiki ba ya sallama, kuma shafuka da yawa sun bi masu su zuwa wata jiha. A sa kuɗin data a cikin kasafin wata, komai ƙanƙantarsa. Wanda ke ciyar da shafin ofis daga aljihunsa, ranar da ya gaji shi ke nan.

Mataki na biyu: kafa ɗaya, harshe ɗaya

Kada ku buɗe shafi biyar rana ɗaya. A ƙasar Hausa Facebook ne dandalin muhawara, can malaman makaranta da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata suke. WhatsApp ne ke kai abu har ɗakin tsohuwar da ba ta da shafi ko ɗaya. TikTok da Instagram na matasa ne, kuma bidiyo suke ci. Ku fara da Facebook, ku haɗa da lambar WhatsApp ta ofis, sai abin ya zauna sannan ku ƙara.

Ku yi rubutu da Hausa tukuna, Turanci ko Faransanci su biyo baya idan da buƙata. Mai karatu a Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi da Hausa zai same ku. Kuma duk abin da kuka ɗora, ku ajiye kwafinsa a kwamfutar ofis. Daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, wanda duk jarinsa ke can ya wayi gari hannu rabbana. Shafin nan gidan haya ne.

Mataki na uku: ku zaɓi kaya talatin, ku ɗauke su hoto da kyau

Ku zagaya gidan da littafi a hannu, tare da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ko da mai shara ne. Tambayar ita ce: gaban wane abu baƙi suka fi tsayawa? Wane abu yara ke nunawa da yatsa? Wanne ne dattawa ke cewa "Allahu Akbar, rabon da in ga wannan"? Ku rubuta talatin. In kuna wallafa uku a mako, kun sami abincin wata biyu da rabi, ba za ku tashi da safe kuna neman abin ɗorawa ba.

Kada jerin ya zama na kayan sarauta zalla. Takobi da alkyabba suna da kwarjini, amma faifai, mazari, maburgi da tukunyar baba su ne kowa ke da labari a kansu. Gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading a Ingila ba kowa ya san da shi ba, har watan Afrilun 2018 da ma'aikacinsa Adam Koszary ya ɗora tsohon hoton wani ƙaton rago da 'yar gajerar magana ta raha irin ta matasan intanet. Dubban mutane suka yaɗa shi, gidan ya yi suna a duniya. Rago ne fa kawai. Mu da muke yin mako guda muna musu a kan ragon layya, bai kamata a koya mana wannan ba.

Ga yadda za ku ɗauki, misali, tandu. Ku nemi izinin mai kula da kayan, shi zai fito da shi, da safar hannu ko hannu wankakke busasshe. Ku ja tebur kusa da taga da hantsi, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan kayan. Ku shimfiɗa farin yadi ko ruwan toka, marar zane. Ku goge idon kyamarar waya da gefen riga, wannan kaɗai yana raba hoto mai hazo da mai kyau. A kashe fitilar waya, tana ƙona launi a hoto, kuma haske mai ƙarfi ba abokin tsohuwar fata da yadi da takarda ba ne. Ku durƙusa har wayar ta yi daidai da tsayin tandun, ku ɗauki uku: gaba ɗayansa, sannan kusa-kusa inda ado yake ko inda hannu ya cinye shi, sannan tare da wani abu da zai nuna girmansa. Hoton tsakiyan nan shi ne yakan tsayar da yatsan mai wucewa. In kayan na cikin akwatin gilashi ne kuma ba za a buɗe ba, ku manna wayar a jikin gilashin don kada inuwarku ta fito.

Bidiyo kuwa a tsaye, kada ya wuce minti ɗaya, a wurin da babu ƙarar janareta. Mai kallo da kuɗinsa yake kallo.

Mataki na huɗu: rubutun da ke ƙarƙashin hoton

Nan ne yawanci ake faɗuwa. Ma'aikaci yakan kwafi 'yar takardar da ke manne a jikin akwati ya zuba: "Tandu. Fata. Ƙarni na 20. Lamba kaza." Wannan rajista ce, ba zance ba. Gwada wannan:

"Kafin zuwan kwalba da roba, a cikin wannan ake ajiye man shafawa ko kwalli. Da fata ake yin sa, a jiƙa ta, a naɗe ta a jikin ƙirar yumɓu, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage. Ku dubi bakinsa yadda ya yi baƙi don yawan taɓawa. A gidanku me ake zubawa a ciki? Kuma a garinku da wane suna ake kiran sa?"

Abu uku ke cikin wannan: abin da kayan ke yi, wani abu guda da ido zai nema a hoton, da tambayar da mai karatu ya fi ku sanin amsarta. Layin farko shi ne komai, domin shi kaɗai ke fitowa kafin a danna a ga saura. Kada a ɓata shi da "Hukumar gudanarwa tana farin cikin sanar da".

Labarai kuwa muna da su, ba sai an ƙirƙira ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da aka tono shi sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. A yankin Jema'a, wani kan mutum na yumɓu an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun Bernard Fagg, mutumin da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kuma daga nan aka fara fahimtar al'adar Nok. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai gawar itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar sahara har wata babbar mota ta kaɗe ta a 1973. Duk faɗin sahara, direba bai sami abin karo ba sai ita. Wa zai karanta wannan ya wuce bai ce komai ba?

Sai maganar murya. A watan Maris na 2020 da annobar korona ta sa aka rufe gidan tarihin makiyayan Amurka da ke birnin Oklahoma, shugaban masu gadi, wani mai suna Tim, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a cikin ginin, sai aka ba shi shafin. Bai iya ba, kuma bai ɓoye ba. Yana ɗaukar hoton abin da ya burge shi, ya yi bayani kamar yana hira da jikansa, ya rufe da godiya da sunansa. Mabiya suka yi ta tururuwa. Darasin ba wai a miƙa wa mai gadi waya ba ne, a'a, mutane da mutum suke son hira. In akwai dattijon da ya shekara ashirin yana zagayawa da baƙi a gidanku, ku sa shi gaban kyamara ya yi bayani yadda ya saba. Wannan kuma yana isa ga wanda ba ya karatun boko.

Gargaɗi ɗaya: raha ba ta halatta ƙari. Abin da ba ku tabbatar ba ku ce "ana cewa", ko "a ruwayar mutanen wuri kaza". Jarin gidan tarihi shi ne in ya faɗi magana a yarda.

Mataki na biyar: ku roƙi jama'a su yi wani abu

Kallo daban, sa hannu daban. Wanda ya danna alamar so ya wuce, gobe ya manta. Wanda ya ba ku sunan kakansa a hoto ya zama naku har abada. Hanyoyin suna da yawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wadda na fi ba muhimmanci ita ce sanya wa fuskoki suna. Hotunan zamanin Turawa sun cika ma'ajiyarmu, kuma rubutun bayansu kusan iri ɗaya ne: sunan Bature cikakke, sauran kuwa "wani basarake da mutanensa", "masu rini", "'yan makaranta". Waɗannan mutane suna da jikoki, jikokin suna da waya. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Kanada ta fuskanci irin wannan da hotunan al'ummar Inuit, sai tun 2002 ta fara wani shiri inda matasa ke kai hotunan wurin dattawan garuruwansu su faɗi ko su wane ne, daga baya aka riƙa ɗora su a Facebook. An gano sunayen dubban mutane ta haka. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ma a Janairun 2008 ya zuba hotuna kimanin 3,000 a shafin Flickr, jama'a suka yi ta gyara masa sunayen wurare da shekaru.

Yadda za ku yi: hoto ɗaya a mako, rana tsayayya, a ce kowace Alhamis. Ku sa lamba a saman kan kowane mutum da ke ciki don a daina "na gefen mai rawanin nan". Ku faɗi iyakar abin da kuka sani: garin, da shekarar in akwai. Sannan ku rubuta a fili, "Ku nuna wa iyaye da kakanni." Amsar ba a wurin mai wayar take ba, tana wurin tsohon da ke zaune a ƙofar gida, shi ya sa dole ku ba da lambar WhatsApp, ku ce ana karɓar saƙon murya. Hotunan hawan daba na Kaduna a 1956 lokacin zuwan Sarauniyar Ingila, na ɗaliban kwalejin Katsina, na makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, na leburorin kuza a Jos, duk akwai masu iya gane fuska a cikinsu yau. Nan da shekara goma ba lallai ba ne.

Ta biyu ita ce "mene ne wannan?". Kowane sito yana da kayan da rajista ta yi shiru a kansu. Ku fito da ɗaya ku ce ba ku sani ba. Wasu ma'aikata na ganin wannan zubar da girma ne. Ni kuwa ina ganin maƙerin da ya gaji sana'ar daga kakansa ya fi kowace takarda sanin sunan ƙarfen da ke hannunku, kuma zai ji daɗi a tambaye shi.

Ta uku, a sa mutane su kwaikwaya ko su nuno nasu. A Maris na 2020 gidan tarihi na Getty da ke Los Angeles ya ce wa mutanen da ke kulle a gida su zaɓi zane ɗaya, su nemi abu uku a cikin gidansu, su kwaikwaye shi su turo hoto. Dabarar daga wani shafin Instagram na ƙasar Holand ta samo asali, kuma ta zagaye duniya. Abin da ya sa ta ci: umarnin gajere ne, ba ya cin ko sisi, kuma ko an kasa abin dariya ne. Namu zai iya zama "abu mafi tsufa a ɗakin mahaifiyarki", ko "hular da ka gada", ko naɗin rawani irin na hoton da kuka ɗora. Ku sa wa'adi, mako biyu ya isa, ku ba shi maudu'i guda, wato kalmar da ake sa wa alamar # a gaba, da Hausa mai sauƙin rubutawa, marar ƙugiya, don kowace waya ta iya.

Ta huɗu, ranar tambaya. A 2010 gidajen tarihi na duniya suka fara ware rana a watan Satumba da maudu'in #AskACurator, kowa ya tambayi masu kula da kaya abin da ya ga dama. Ba sai kun jira Satumba ba. Ku sanar kwana uku kafin ranar, ku tara tambayoyi, ku zaunar da masanin awa ɗaya. Ku tanadi tambaya biyar daga littafin baƙi saboda kada a buɗe fili a ji tsit.

Akwai ta biyar ga masu tsofaffin rubuce-rubuce. Cibiyar Smithsonian ta Amurka tun 2013 take ɗora shafukan tsofaffin takardu, 'yan sa-kai suna kwafe su zuwa rubutun kwamfuta. Mu kuwa muna da takardun ajami da na Larabci a Gidan Arewa, da Jos, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, muna kuma da alarammomi da ɗaliban zaure da za su karanta warash cikin ƙiftawar ido, waɗanda ba a taɓa gayyatar su gidan tarihi ba. Shafi ɗaya, hoto mai kyau, a ce a taimaka da karantawa. Sai dai a tabbata mai takardar ya yarda, domin da yawa amana ce daga gidajen malamai.

Mataki na shida: amsa, rubutawa, tantancewa, godiya

Wanda ya yi sallama a zaure aka yi shiru ba ya dawowa. Ku ware rabin awa da safe, rabin awa da yamma don amsa tsokaci, musamman a ranar da kuka yi tambaya. A amsa da ladabin da ya dace: Malam, Hajiya, Baba, ranka ya daɗe ga mai sarauta. "Mun gode" kaɗai ba amsa ba ce. A ƙara tambaya: "A wace unguwa yake zaune? Akwai wanda zai ƙara mana bayani?"

Sannan abin da kusan kowa ke mantawa: tsokaci ba ma'ajiya ba ce. Ku buɗe littafi ko jadawali a kwamfuta mai gurbi shida: lambar kayan, abin da aka faɗa, wanda ya faɗa, dangantakarsa da abin, ranar, da matsayin tantancewa. Suna ba ya shiga rajistar gida sai mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗe shi, ko an ga wani hoton na iyali da ya gaskata. In abin ya yi nauyi, a ɗauki rakoda a je gidan dattijon, da gaisuwa da goronta. In an sami ruwaya biyu masu saɓani, a rubuta duka biyun.

Bayan haka ku koma shafi ku ba da labari: hoton da muka ɗora makon jiya, ga abin da aka gano, ga wanda ya taimaka, in ya yarda a ambace shi. Ku buga sabuwar takardar bayani ku manna a jikin hoton a cikin gidan, da layin godiya a ƙasa. Mutumin nan zai zo ya gani da idonsa, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Mataki na bakwai: inda ƙaya take

Tarihinmu da ransa. Jihadi, bauta, rikicin sarauta, wace masarauta ta girmi wata, wa ya ci wa da yaƙi, duk wuta ce a ƙarƙashin toka. Ba na cewa a guje su, gidan tarihin da ke tsoron tarihi ba shi da amfani. Amma irin wannan rubutu shi ne wanda sai shugaba da masani sun gani, a faɗi madogara, kuma kada a ɗora shi da yammacin Juma'a a tafi hutun mako a bar shi ba mai tsaro. Ku manna ƙa'ida a saman shafi: an yarda da saɓani, ba a yarda da zagi, kafirtawa ko cin zarafin ƙabila ba. Wanda ya yi gyara mai zafi amma da hujja, a gode masa. In ku kuka yi kuskure, ku gyara a fili. Gogewa a ɓoye ba ta aiki, wani ya riga ya ɗauki hoton allon wayarsa.

Kayan bori, layu, kayan tsafi da ƙasusuwan mutane, a tuntuɓi masu abin kafin a ɗora. Hoton yaran makaranta kuma sai da izinin malamansu, kuma ya fi kyau a ɗauke su ta baya suna kallon kaya. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, lambar waya da adireshin wanda ya taimaka ba na bainar jama'a ba ne.

Sai ɓarayi. Kada hoto ko bidiyo ya nuna ƙofar sito, irin kwaɗon da ke jiki, inda kyamarar tsaro take, ko lokacin da masu gadi ke canji. Za a yi ta tambayar ku "nawa wannan zai yi?", wasu kuma za su turo hoton abin da suka tono su ce a yi masa kuɗi. Ba a amsa wannan. Gumakan Nok suna cikin jerin kayan da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan fataucinsu tun 2000, doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izini ba, Facebook ma ya haramta cinikinsu a 2020. Amsa guda ce: kada a ci gaba da tono, kada a wanke abin, ga lambar ofis.

Mataki na takwas: daga waya zuwa bakin ƙofa

A saman shafi a rubuta ranakun buɗewa, lokaci, kuɗin shiga, da kwatance irin wanda ɗan adaidaita zai gane. Abin mamaki, wannan ne aka fi tambaya kuma shi aka fi mantawa. Ku tsara kalandarku da lokutan da mutane ke da dalilin fitowa: yawon Sallah, hutun makaranta, 18 ga Mayu da take ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977. Gidan Makama yana dab da fadar Kano, mako biyu kafin hawan Sallah lokacin nuna kayan doki ne, ballantana yanzu da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Gidan tarihi na Kanta a Argungu kuma yana da bikin kamun kifi. Ku bar mutane su ɗauki hoto inda ba zai cutar da kaya ba, ku ma nuna musu kusurwar da ta fi kyau. Hoton da baƙo ya ɗora da kansa ya fi naku tafiya.

Wajen auna nasara, yawan mabiya ba ya faɗin komai, ana ma sayen su. Ƙarshen kowane wata ku ƙirga abu huɗu: tambayoyi nawa aka yi muku kuma nawa kuka amsa, sunaye ko bayanai nawa suka shiga rajista, mutum nawa suka turo nasu hoton ko saƙon murya, da baƙi nawa suka zo saboda shafin. Na ƙarshen nan ba ya buƙatar na'ura. A ja layi ɗaya a littafin baƙi, a rubuta a samansa "A ina kuka ji labarinmu?", a roƙi mai sayar da tikiti ya riƙa tambayar waɗanda ba su rubuta ba. Wannan shafi guda na lissafi shi za ku ajiye a gaban oga ranar da za ku nemi a ƙara kuɗin data.